Yadda ake haɗa takin ruwa da kayan cikin kifi

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu gyaran tarwaɗa ya ga abin da ake zubarwa: kai, hanji, ƙaya da jini. A wasu kifayen, abin da ake yarwa ya kusa rabin nauyinsu. Yana tara ƙuda, yana damun maƙwabta da wari, alhali cike yake da naitirojin, sinadarin da manomi ke biyan kuɗi masu yawa ya saya a buhun yuriya. Manoman Koriya ta Kudu da Filifin sun daɗe suna tsima shi su mai da shi taki, kuma kayan aikin duk muna da su a kasuwa.

Ka tanadi kayan cikin kifi kilo 1, mazarƙwaila kilo 1, nono mai tsami kofi ɗaya, bokitin roba, ƙyalle mai tsabta da igiya. Kifin ya zama na ranar ne. Wanda ya kwana ya fara wari, ko wanda aka sa wa gishiri, ba zai yi ba.

Da farko ka daddatsa kayan ƙanana-ƙanana, ka daka mazarƙwailar ta yi gari. Kada ka cire hanjin, domin a cikinsa ne sinadaran da ke narkar da tsoka suke. Sai ka riƙa jerawa a bokiti: kifi, mazarƙwaila, kifi, mazarƙwaila, kana yayyafa nonon a tsakani. Ka rage mazarƙwaila mai ɗan yawa ka rufe saman da ita, kada ko tsinken ƙaya ya leƙo. Ka bar kashi ɗaya cikin uku na bokitin babu komai, saboda haɗin zai kumbura.

A nan ne mutane ke kuskure, su ce mazarƙwaila ta yi tsada, bari a rage. Ita ce dukan aikin. Ƙwayoyin halittar da ke cikin nono, waɗanda ke sa shi tsami, su ne ke cin zaƙin su fitar da tsami. Da tsamin ya yi ƙarfi, ƙwayoyin da ke ruɓar da nama ba sa iya rayuwa a ciki, sai kifin ya narke ba tare da ya ruɓe ba. In zaƙi ya yi kaɗan, masu ruɓarwa ne za su riga su, ka tashi da bokitin tsutsa.

Ka ɗaure bakin da ƙyalle sosai, iska ta fita amma ƙuda bai shiga ba. Kada ka toshe da murfi gam, iskar da ke taruwa za ta iya fasa shi. Ajiye a inuwa, inda kyanwa da ɓera ba za su kai ba.

Bayan 'yan kwanaki za ka ga ruwa ya fara tasowa da ƙananan kumfa. Ka riƙa sunsunawa. Ƙamshin tsami mai ɗan zaƙi alama ce ta komai lafiya. In ka ji warin mushe, ƙara mazarƙwaila ka motsa da sanda. Da zafi, wata 3 ya isa. Da hunturu ka ƙara haƙuri. Idan ya nuna, zai koma ruwa mai kauri, launin ƙasa-ƙasa.

Kwashe man da ya taso sama, ka tace da ƙyalle, ka zuba a jarka ba tare da ka ɗaure murfin tamau ba. Tukar kuma ka binne ta a cikin takin gargajiya.

Wajen amfani, babban cokali ɗaya ya isa tankin feshi mai lita 16. Yana da ƙarfi, in ka zarce zai ƙona ganye. A fesa da sassafe ko da yamma, sau ɗaya a mako, lokacin da shuka ke yin ganye. Tumatir da tattasai in sun fara fure sai a rage. Alayyafo da latas kuwa, a gindinsu za a zuba, kuma a daina idan an kusa tsinka.