Ku duba taya kafin ku ɗauki mota 'yar Kanada

Salam jama'a, wata 'yar shawara ce ga masu sayen tokumbo musamman ƙananan motocin nan masu gudu irin Mustang da ke jan ƙafar baya. Da yawansu daga Kanada ake kawo su da tayar sanyi a jiki, don a lardin Kubek na can doka ce daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris dole ka sa ta, in ba haka ba motar da ke jan baya sai ta yi ta wutsil-wutsil a dusar ƙanƙara kamar kifi a tudu.

To matsalar ita ce robar tayar nan laushi gare ta, an yi ta ne don sanyin da ya yi ƙasa da digiri 7, mu kuma nan Zariya ko hunturun Janairu da rana ya wuce haka nesa balle zafin Afrilu, kwalta na tururi ka hau hanyar Kaduna kana taka wuta, tayar za ta cinye da wuri kuma birki ba ya kamawa yadda ya kamata. Ni dai ƙanena ya saya bai duba ba, ko shekara ba a yi ba ta zama sumul.

Ka tsuguna ka duba gefenta, in ka ga hoton dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara a ciki to ita ce. Ka duba lamba huɗu na ƙarshen rubutun da ya fara da DOT a gefen tayar ma, su ke nuna lokacin da aka ƙera ta, 2319 na nufin sati na 23 a 2019. In za ka canza ka canza duka huɗu, kar mai faci ya lallaɓe ka da biyu.