Malamin Turanci a Tailan: Abin Da Zan Faɗa Wa Ɗan'uwan Da Ya Sauka Jiya

Makarantun Tailan suna buɗe sabuwar shekarar karatu ne a tsakiyar watan Mayu, su tafi hutu a Oktoba, su dawo farkon Nuwamba har zuwa Maris. Shi ya sa a waɗannan lokuta biyu muke ganin sababbin fuskoki cikin 'yan'uwa, wani daga Kano, wani daga Zariya ko Jos, wani kuma Bahaushen Kumasi, kowa da digirinsa a jaka da ɗokin shiga aji. Barkanku da sauka. Tun kafin gajiyar hanya ta sake ku, ga abin da nake so ku riƙe: cikin waɗanda zaman ƙasar nan ya gagara, da wuya ka sami wanda Turanci ne ya kayar da shi. Ko dai takarda ce ta kore shi, ko kuma zafin rai.

A wajen hukuma a nan, ɗan Najeriya ko ɗan Gana ba ya cikin waɗanda Turanci ne harshensu na gado, ko da kuwa da shi ya yi karatu tun daga firamare. Wannan matsayi na masu fasfon Ingila, Amurka, Kanada, Ostireliya, Niyu Zilan da Ayilan ne. Saboda haka majalisar malamai ta ƙasar, wadda ake kira Kurusapa, za ta nemi sakamakon jarrabawar Turanci, yawanci TOEIC da maki 600 zuwa sama, kafin ta ba ka takardar sassauci ta shekara biyu da za ka koyar da ita kafin ka mallaki lasisi. Abin da ciwo, a ce wanda ya karanci Turanci a Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello sai ya sake tabbatar da cewa yana jin sa. Duk da haka je ka rubuta, kuma ka dage ka ci maki mai yawa, don da shi za ka yi cinikin albashi. Ka tuna shekara biyu kawai sakamakon yake yi.

Takardun nan kowace a kan 'yar'uwarta take tsaye. Bizar aiki, wadda kowa ke kira Non-B, kwana 90 take ba ka da farko. A cikin kwanakin nan ne makaranta za ta nemo takardar Kurusapa, da ita a karɓo izinin aiki daga ma'aikatar ƙwadago, da shi kuma a je ofishin shige da fice a tsawaita maka zama kan baht 1,900 (baht shi ne kuɗin ƙasar). Izinin aikin na wannan makarantar ne kaɗai. Ranar da ka ajiye aiki ko aka sallame ka, izinin zamanka ya faɗi tare da shi, ko da hatimin da ke fasfo ya nuna saura wata shida. Wannan shi ne ramin da ya fi cin mutanenmu: mutum ya yi fushi da shugabar makaranta ranar Talata, ya kwashe kayansa, bai san daga nan aka fara lissafa masa tarar baht 500 kowace rana ba, har ta kai 20,000. Wanda ya wuce kwana 90 a haka, hana shi shiga ƙasar ake yi na shekara guda. In za ka sauya makaranta, ka sa tsohuwar da sabuwar su daidaita rana tukuna.

Dillalin aiki zai iya ce maka ka fara shiga aji da bizar yawon buɗe ido, takardu suna hanya. Aiki ba izini tararsa daga baht 5,000 zuwa 50,000 ce, sannan a tasa ƙeyarka gida, kuma ranar da jami'ai suka shigo makaranta ba dillalin za su tarar da alli a hannu ba. Kada ka bar fasfonka ya kwana a hannun kowa da sunan ajiya. Digirinka na asali da aka buga wa hatimi a Abuja, katin rigakafin shawara, takardar wanke kai ta 'yan sanda da ta NDLEA, duk su zauna a wurinka, ka ba da kwafi. Akwai wasu ƙa'idoji biyu, ƙanana ne amma suna da tara: mai gidan da kake haya dole ya sanar da hukuma ka sauka a wurinsa, takardar da ake kira TM30, kai kuma duk kwana 90 ka sanar da inda kake zaune, in ka makara baht 2,000 ne. In ka ga an rubuta 2568 a kwantiragi kada ka rikice, shekararsu ta fi ta Miladiyya da 543, wato 2025 ke nan.

Maganar albashi ba zan ɓoye maka ba. Baturen da ke koyarwa a ajin da ke jikin naka, da darasi daidai da naka, sau da yawa ya fi ka ɗauka, kuma in ta hannun dillali ka shigo, yana da nasa kason kowane wata. Abin da ke hannunka shi ne tambaya kafin ka sa hannu. Kwantiragin na wata goma ne ko na sha biyu? Ana biyan Afrilu, watan da ba karatu? Wa zai biya kuɗin biza da izinin aiki? In ka kwanta ciwo wa zai ɗauki nauyin asibiti? Wanda bai tambayi maganar Afrilu ba, shi ne za ka gani yana neman rance a tsakiyar zafi.

Ranar aiki da wuri take farawa. Kafin bakwai da rabi ka iso, wata ranar kai ne a bakin ƙofa kana gaisawa da iyaye, kuma wannan tsayuwar tana cikin aikin da aka ɗauke ka, domin makaranta tana so a ga malaminta na waje. Ƙarfe takwas ake ɗaga tuta da taken ƙasa, sai addu'ar Buda a yawancin makarantu. Kai Musulmi ka tsaya cikin natsuwa, hannuwanka a sake, ba wanda zai ce sai ka yi. Ka sa riga mai kwala da wando a goge, ranar Litinin kuma ka nemi rawaya, launin sarki ne. Malama mai hijabi ta yi maganarsa tun a ganawar farko, musamman in makarantar a harabar wurin bauta take. Sarauta kuwa, ka kame bakinka gaba ɗaya, a aji da a Facebook. Sashe na 112 na dokar laifuka ɗaurin shekara 3 zuwa 15 ya tanada ga wanda ya taɓa martabar sarki, kuma bai ware baƙo ba.

Yanzu ga inda na fi so ka saurare ni. A gida malamin da ya daka tsawa aji ya yi tsit, shi ne ake cewa ya iya riƙon yara. A nan wanda ya ɗaga murya ya zubar da girmansa, ya kuma zubar da na wanda ya yi wa. Mutanen nan suna da kara irin tamu, har ta fi tamu zurfi. Ba za su ce maka ka yi laifi ba. Za su yi murmushi, su ce ba komai, a ci gaba da gaisawa lafiya lau, sai Maris ya zo ka ji ba a sabunta kwantiraginka ba, kuma ba wanda zai faɗa maka dalili. In abokiyar aikinka ta yi kuskuren Turanci a gaban ɗalibai, ka bari sai kun keɓe, in ma gyaran ya zama dole. In kana da ƙorafi a kan shugaba, ka bi ta hannun shugabar sashe, da murya ƙasa-ƙasa, ka kawo shi a matsayin neman shawara. Amsar "to" ba kullum take nufin an yarda ba, wani lokacin nufinta an ji ka kawai, don haka abu mai muhimmanci ka nemi a rubuta maka shi a Line, manhajar da duk harkar makaranta ke gudana a cikinta.

Bulala ka manta da ita. Ma'aikatar ilimi ta hana duka, kuma ko ka ga wani malamin ƙasar ya yi, kai baƙo ne, kuma kusan kowane yaro da waya a aljihu. Kada ka shafa kan yaro ko da wasa, kai wuri ne mai daraja a wajensu, kada kuma ka nuna abu da ƙafa. Za ka shirya darasi ka je aji ka tarar ba kowa, an kwashe su wasanni ko aikin sikawut ba a sanar da kai ba. Za ka ba yaro sifili a ce ka sake masa jarrabawa har ya haye. Waɗannan suna ƙona rai, ni ma har yau na biyun bai kwanta mini ba, amma ba kai za ka gyara su a zangonka na farko ba. Ka tanadi ƙarfinka don minti hamsin ɗin da kake da su da yara arba'in, waɗanda a makarantar gwamnati wataƙila sau ɗaya za ka gan su a mako.

A cikin ajin, ka lura da bakinka kafin na yara. Mu Hausawa p da f suna sarƙe mana, kuma iyayen da dama can suna ɗari-ɗari da malami baƙar fata wannan suke jira su kafa hujja. Ka naɗi muryarka a waya kana karatu, ka saurara, ka gyara. Su kuma yaran suna haɗiye baƙin ƙarshen kalma, suna musanya r da l, v kuma ta koma musu w. Ka rage sauri sosai. Suna jin kunyar yin kuskure a gaban juna, don haka ka sa su amsa a rukuni kafin ka kira mutum ɗaya, ka sa wasa da gasa a ciki. Ka haddace laƙabinsu, kowane yaro yana da gajeren suna da ake kiran sa da shi, kuma ranar da ka kira na bayan aji da nasa, ka samu wannan yaron.

Juma'a ranar aiki ce. Lokacin neman alfarma shi ne kafin a fitar da jadawalin darasi: ka roƙi a bar maka darasin bayan abincin rana a sake, ka ce za ka rama a wata ranar. In ka bari sai an kafe jadawali, ka sa mutum ya wargaza na malamai goma saboda kai. A Bankok masallatai ba su da wuya, akwai Masallacin Harun a Bang Rak, da Cibiyar Musulunci ta Ramkamheng, ga unguwannin Min Buri da Nong Cok cike da Musulmi. A birnin Ciyang Mai da ke arewa akwai masallacin Ban Ho na Musulmi 'yan asalin Sin. In ƙauyen arewa maso gabas aka tura ka, ka tambayi nisan masallaci kafin ka karɓi aikin. Musulmin nan akasari Shafi'awa ne, za ka ji liman yana bayyana bisimilla, yana ƙunutin Asuba a fili da hannuwa a ɗage. Ka bi limaminka, ba wurin gardama ba ne. Ofishin Cularacamontri, shugaban Musulmin ƙasar, shi ke sanar da ganin wata. Ranar Salla ba hutu ba ce sai a lardunan kudu irin su Pattani, Yala, Naratiwat da Satun, don haka ka nemi izini da wuri. Ukun farkon nan sun fi ko'ina sauƙin zama ga Musulmi, amma tun 2004 ake fama da rikici a can, har malamai ya ci. Ka san da wannan kafin ka yanke shawara.

Abinci yana son ido. Naman alade yana shiga romo, yana shiga mai, yana shiga abin da ka ɗauka kayan lambu ne zalla, kuma abincin rana na makaranta ba ya tsira. Ka koyi cewa "mai kin mu", wato ba na cin alade, amma kada ka dogara da ita kaɗai, tukunya ɗaya ce. Ka nemi koren tambarin halal na majalisar Musulunci ta ƙasar a jikin kaya, da rumfar da mai ita ke da ɗankwali ko alamar wata da tauraro. Wurinsu za ka sami dafa-dukar shinkafa da kaza mai kurkum da suke kira kawo mok kai, wadda za ta riƙe ka har ka san gari. Kuɓewa, tsamiya, gyaɗa da barkono duk suna kasuwa. Kuka da daddawa ne sai an taho maka da su.

Fatarka za ta ja ido. Yara za su taɓa hannunka, wannan son sani ne, yana wucewa. Na 'yan sanda daban ne, suna tare baƙaƙen fata su nemi takardu, musamman wajen unguwannin Nana da Pratunam na Bankok inda 'yan Afirka ke taruwa. Ka riƙa yawo da fasfo ko aƙalla kwafinsa da na izinin aiki, ka amsa a tsanake. Kuma don Allah kada ka karɓi saƙon kowa a rufe, kada ka ara wa kowa asusun bankinka, ko da yarenku ɗaya. Hukuncin ƙwaya a ƙasar nan mai tsanani ne ƙwarai.

Ɗakin haya yawanci kuɗin ajiya na wata biyu ne da na wata guda a gaba, ka tambayi nawa suke sayar da wuta, don na'urar sanyaya ɗaki ce ke cinye albashi daga Maris zuwa Mayu. A hagu ake tuƙi, saɓanin gida, kuma babur ne ya fi kashe mutane a titunan nan, ka nemi lasisi da hular kwano kafin ka hau. Agogon nan ya riga na Najeriya da awa shida, lokacin da ya fi dacewa ka kira su Inna shi ne bayan ka yi Isha'i.

In Allah ya kai mu dogon hutun Afrilu kana so ka leƙa gida, kada ka fita sai da izinin sake shigowa a fasfonka. Baht 1,000 ne na fita sau ɗaya, 3,800 na fita da yawa, ana yin sa a ofishin shige da fice, ana kuma yi a filin jirgin Suwannapum na Bankok kafin ka wuce. Wanda ya fita babu shi, izinin zaman da ya sha wahalar samu ya mutu a bakin ƙofa, sai ya koma ofishin jakadancin Tailan ya fara neman biza daga farko.