Yadda za ka fara koyon tseren dirag kai da 'yan gidanku a Abuja

Duk wanda ya daɗe a Abuja ya san yadda samari ke yi da mota a ƙarshen mako, musamman in an tashi daga ɗaurin aure, a samu titi mai faɗi a dinga taka totur ana juyi hayaƙin taya na tashi, yara na ihu a gefe. Sha'awar gudu ba laifi ba ce, ni ma ina da ita kuma ba na ɓoyewa, amma wancan da ake yi a titin Airport ko Kubwa Express ba tsere ba ne, ganganci ne da ran mutane, masu tsallaka titi da masu Keke da mai iyali da ya fito neman abinci babu wanda ya ce yana son shiga wasanku. To in da gaske kana son koyon dirag, ka jawo 'yan gidanku cikin abin tun ranar farko, don su ne za su riƙe maka lissafi, su ne kuma za su ce maka ya isa haka lokacin da kai ba za ka iya gaya wa kanka ba.

Shi dirag mota biyu ne ke tsayawa a layi ɗaya, a ba su alama su tashi a miƙe babu kwana ko ɗaya, wanda ya riga kai ƙarshe ya ci. Tsawon da aka saba rubu'in mil ne wato mita 402, akwai kuma rabinsa mita 201 wanda shi nake ba ɗan koyo shawara ya fara da shi. Asalin wasan daga Amurka ne, kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne babbar ƙungiyarsu NHRA da Wally Parks ya kafa a 1951 an kafa ta ne don a janye samari daga tsere a titin jama'a a kai su fili mai tsari. Kenan matsalar da muke gani a nan su ma sun sha ta. Kuma ko su da duk kayan kariyarsu, bayan Scott Kalitta ya rasu a hatsarin tsere a 2008 sai da suka rage wa manyan motocinsu tsawon tseren zuwa kusan mita 305 don a samu ƙarin wurin tsayawa.

Fara da gida. Kar ka sake ka ɗauki motar Baba a ɓoye, je ka zauna ka yi masa bayani, "Baba, akwai abin da nake son koya kuma na fi so a yi a gabanka, in ka ga bai yi ba sai a bari." Hajiya kam da wuya ta yarda a zaman farko kuma tana da gaskiya, kar ka yi mata gardama, nuna mata hular kwanon da ka saya da wurin da za a yi da wanda zai kasance a wajen, in Kawu ko Yaya babba zai je ka sa shi ya yi maganar da bakinsa. A can waje ma wasan na dangi ne, direban dirag na Amurka John Force ya ci kambun ajin motarsa sau 16 kuma 'ya'yansa mata uku Ashley da Brittany da Courtney duk sun yi tseren, Brittany ta ci kambun aji mafi gudu a 2017 da 2022. Don haka in ƙanwarka mai lasin ta ce ita ma za ta gwada kar ka yi mata dariya. Wanda bai kai shekara 18 ba dai babu shi babu sitiyarin mota ta gaske, ku kai shi wurin go-kart, wato ƙananan motocin wasan tsere, a nan cikin gari ya huce sha'awarsa a can.

Sai maganar wuri, kuma nan ne duk wahalar take. Abin da za ka nema shi ne taron masu motoci da aka shirya da izinin hukuma, an rufe hanya, akwai motar asibiti da abin kashe gobara, 'yan kallo na bayan shinge, ko kuma fili mai kwalta na wani da ya ba ku izini wanda babu mai shiga babu mai fita, ba mutum ba dabba. Kuma ka auna wurin tsayawa kafin ka auna wurin gudu. Mota in ka ninka gudunta biyu nisan da za ta ci kafin ta tsaya ninkuwa yake sau huɗu, a gudun kilomita 140 kana cin kusan mita 39 duk sakan ɗaya, kuma ko birkinka lafiya lau kwalta a bushe sai ka ci wajen mita 100 kafin ka tsaya cak, ban da lokacin da ƙafarka za ta ɗauka ta bar totur ta koma birki. Ni dai ka'idata in tseren mita 201 ne to a bar aƙalla wani 201 ɗin a gaba fayau, babu bishiya babu kwalbati babu motar da aka faka. In filin bai kai ba ku rage tseren, in babu fili sam ku haƙura zuwa lokacin da za a samu, titin gwamnati ba ya cikin lissafi ko da ƙarfe ukun dare ne.

Motar gida ta isa, Corolla ko Accord ko Camry, kar wani ya zuga ka ka fara kashe kuɗi kan salansa mai ƙara da su turbo. Kuɗin farko na birki ne da taya. Ku je Apo wajen bakaniken da kuka saba da shi ya duba birki gaba da baya, ya canza man birki in ya daɗe don man birki yana tsotsar danshi kuma in ya yi zafi sai feda ta yi laushi ta nutse, ya duba baƙin mai da ruwan lagireto da fulogi, ya tabbatar batir a ɗaure yake ba ajiye shi kawai aka yi ba, kuma babu inda mai ko ruwa ke ɗiga. Taya kuma ka duƙa ka karanta jikinta, akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun DOT, biyun farko mako ne biyun ƙarshe shekara, misali 2319 mako na 23 kenan a 2019. Tayoyin Belgium da muke saye da yawa zanensu na nan kamar sabo amma robar ta tsufa ta bushe, irinsu ne ke fashewa in sun ji gudu da zafin kwaltar Abuja. A kwashe duk tarkacen cikin mota, gorar ruwa da ke yawo a ƙarƙashin kujera tana iya shiga bayan fedar birki. Hular kwano ta gaske mai rufe fuska, ba irin ta 'yan acaɓa ta roba ba, takalmi rufaffe, dogon wando, bel a ɗaure. Babbar riga da silifas a bar su a gida.

Yanzu rabon aiki. Direba shi kaɗai ne a cikin mota, ba a ɗaukar kowa ko da ya yi magiya. Mutum ɗaya mai ba da alamar tashi, ya tsaya a gefe ba a gaban mota ba. Mutum ɗaya mai littafi, kuma a ganina wannan ne aiki mafi muhimmanci, ku ba wanda ya fi kowa natsuwa a gidan. Mutum ɗaya babba, Baba ko Kawu, wanda in ya ce an tashi to an tashi babu jayayya. Yara da masu ɗaukar bidiyo duk su tsaya can baya da layin farawa, kar a bar kowa ya je ƙarshen fili wai zai ɗauki motar tana tahowa, can ne motar ta fi gudu kuma in taya ta fashe can za ta nufa. Lokaci kuma ba sai an sa mutum da agogo a ƙarshe ba, akwai manhajojin waya masu aiki da GPS, akwai kuma ƙaramar na'ura irin Dragy da ta fi waya daidaito. Da farko mota ɗaya ɗaya za ku dinga yi, kowa yana tsere da agogo, jerawa biyu sai kowa ya iya riƙe motarsa a miƙe kuma filin na da faɗin da ya isa.

Tashin shi ne rabin wasan. In otomatik ce ka kashe esi, ka taka birki da ƙafar hagu sosai, ka ɗan ɗaga inji da ta dama kaɗan kawai, da an ba da alama ka saki birki ka dinga ƙara totur a jere har ƙasa, kuma kar ka daɗe a wannan yanayin na birki da totur tare don giyabos yana zafi. In manuwal ce ka riƙe inji a matsakaici ka saki kuloci da sauri amma ba fizga ba. Kuskuren kowane ɗan koyo shi ne ya ga taya na ihu tana hayaƙi ya ɗauka gudu yake, alhali tayar da ke juyawa a wuri ɗaya ba ta tura mota ko'ina, lokaci kawai take ci. In ta zame ka rage ɗagawar inji a zagaye na gaba, kana iya rage iskar tayoyin da ke jan motar kaɗan, a Corolla da Camry da Accord na gaba ne. Hannu biyu a sitiyari, ido can nesa ba kan allon gudu ba, kuma da ka ji motar ta fara karkata ko wani sauti ya canza ka ɗaga ƙafa, kar ka ce bari in ƙarasa. Bayan ka wuce layi ka saki totur ka taka birki a hankali kana ƙarawa, ba dannawa lokaci guda ba.

A filin da ke da cikakken tsari za ka ga sandar fitilu a tsakanin layuka biyu. Ƙananan fitilun sama suna nuna tayarka ta gaba ta iso layi, ta farko ta kama ka ƙara matsawa kaɗan ta biyu ta kama sai ka tsaya. Daga nan rawaya uku za su sauko ɗaya bayan ɗaya rabin sakan tsakaninsu, sai kore. Wanda ya jira ya ga kore ya makara, don kafin ido ya gaya wa ƙafa, ƙafa ta gaya wa mota, motar ta motsa, rabin sakan ɗin ya tafi, shi ya sa ake tashi da rawaya ta uku ta kama. Ka riga lokaci kuma ja ta kama, an cire ka. Wannan ana iya koyonsa a falo, akwai manhajar sandar fitilun a waya, ku dinga gasa da ƙannenka bayan Isha, za ka sha mamakin wanda zai fi kowa saurin hannu.

Abin da ya sa nake cewa wasan ya dace da iyali shi ne tsarin da kowa ke faɗin lokacinsa tun kafin a tashi. Ka ce Corolla ɗin Baba tana yin mita 402 a sakan 17, motar Yaya kuma tana yi a 14, to sai a saki Baba ya riga tashi da sakan 3, in kowa ya yi daidai abin da ya faɗa tare za su iso. Wanda kuma ya yi sauri fiye da lokacin da ya faɗa ya faɗi, ko da shi ya riga isa. Ka ga a nan kuɗin mota ba ya ceton kowa, wanda ya san motarsa kuma yake maimaita abu ɗaya kowane zagaye shi ke ci, dattijo mai natsuwa da tsohuwar mota sai ya kayar da saurayi mai zafin kai, kuma wallahi babu abin da ya kai wannan daɗin kallo. Nan ne littafin ke aiki, a rubuta lokacin kowane zagaye, da lokacin mita 18 na farko don shi ke nuna ko tashin ya yi kyau, da iskar taya, da ƙarfe nawa ne, da ko ana rana ko akwai sanyi. Kuma abu ɗaya ake canzawa a zagaye, in ka rage iska ka kuma canza yadda kake tashi lokaci guda ba za ka san wanne ya yi aiki ba.

Yanayi ma yana taɓa lokaci sosai. Inji yana son iska mai sanyi, motar da ta yi kyau da safe lokacin hunturu za ta yi nauyi da azahar a watan Maris, kar ka ɗauka lalacewa ta yi. 'Yan uwanmu na Jos kuma ku sani garinku ya kai wajen mita 1,200 sama da teku, iska ta fi sirara, inji mara turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk hawan mita 300, don haka lokacin da ka yi a Jos kar ka kwatanta shi da na wanda ya yi a Abuja ka ce motarka ba ta da lafiya. In an yi ruwa ko kwalta na da yashi a kai babu tsere ranar, yashin ma ku share shi daga wurin tashi tun kafin a fara.

Tsakanin zagaye da zagaye a buɗe bonet a bar mota ta huta kamar minti 15 zuwa 20, a leƙa ƙarƙashinta ko wani abu na ɗiga, kuma kar wanda ya taɓa murfin lagireto inji na da zafi, ruwan yana fesowa ya ƙona fuska. In fedar birki ta fara laushi ko kana jin ƙaurin kuloci to na ranar ya ƙare. Kafin ku kama hanyar gida ku tsaya wajen mai faci a mayar da iskar taya yadda aka rubuta a jikin ƙofar direba, sannan a ba Kawu ko Baba makulli ya tuƙa, don wanda ya gama tsere ƙafarsa ba ta saurin sabawa da gudun titi, zai ga yana 100 ya ji kamar 60 yake.