Kurakuran da aka fi yi wajen saka wa fitilun mota rele

Duk direban da ke bin hanyar Tanut ko ta Magariya da dare ya san illar raunin fitila: amalanken shanu ba shi da wuta a baya, raƙumi kuma ba ya jin oda. Shi ya sa masu tsofaffin Hilux da Hiace da Corolla a Damagaram ke kai motocinsu a saka musu rele, wato ƙaramin makunnin lantarki da 'yar wuta kaɗan ke kunnawa don ya buɗe wa babbar wuta hanya. Aiki ne mai kyau in an yi shi daidai. A motocin da da yawa, wutar fitila tana bi ta makunnin da ke jikin sitiyari, cikin siraran wayoyin da suka kwana biyu, tana raguwa a hanya. Rele yana taƙaita mata tafiya, daga batir sai ƙwai, makunni kuma ya koma ɗaukar abin da bai wuce amper 0.2 ba.

Kuskuren farko shi ne yanke waya kafin awo. Ta da inji, ka kunna fitila, ka auna bakin batir. In alternata mai cajin batir lafiya take, za ka ga volt 13.8 zuwa 14.4. Sai ka auna a ƙafafun ƙwan yana kunne. In bambancin bai kai rabin volt ba, rele ba zai ƙara maka komai ba. Duba gilashin da rana da ƙurar hunturu suka cinye, ko madubin ciki da ya dushe, ko ƙwan da ya tsufa. In kuwa volt ɗaya ko ɗaya da rabi ya ɓace, aikin ya cancanta, domin ƙwan halojin da ya rasa kashi 10 cikin 100 na ƙarfin wuta yana rasa wajen sulusin haskensa.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne maganar fiyus. Sai ka buɗe gaban mota ka ga jar waya mai kauri ta taso daga kan batir ta nufi rele babu fiyus, ko an saka shi can kusa da fitila. Wannan waya da wuta take dare da rana, ko an zare makulli. Ranar da gargadar hanya ta sa ta gogi ƙarfe har ta ɓare, babu abin da zai tsayar da wutar batir, sai dai waya ta yi ja ta kama roba. Fiyus waya yake karewa, don haka wurinsa gab da batir, kada ya wuce taƙi ɗaya. Ƙwan H4, mai zare biyu a ciki, wat 60 ne a wutar nesa, 55 a ta kusa. Ƙwan hagu da na dama tare suna jan amper 10 ko ƙasa kaɗan, saboda haka fiyus na 15 ya isa kowane layi. In yana yawan ƙonewa, a nemi dalili. Masu naɗa zaren waya a gurbinsa, don Allah su daina, rayukan fasinja suke wasa da su. Kuma a raba: rele ɗaya da fiyus ɗaya ga wutar kusa, wani rele da wani fiyus ga ta nesa. Wanda ya ɗora duka kan fiyus guda, in ya tsinke masa tsakanin Mirriya da Gure, duhu ne gaba ɗaya yana cikin gudu.

Sai ƙafafun rele. Lamba 30 daga batir take, 87 ta tafi ƙwai, 85 da 86 su ne na umarni daga tsohon makunni. Yaran gareji suna haddace matsayin ƙafa maimakon karanta lambar, alhali akwai rele iri biyu masu kama ɗaya da aka sauya wa gurbin 30 da 86. Mai ƙafa biyar ma iri biyu ne. In ta tsakiya 87 ce, za ka iya ba fitilar hagu ɗaya, ta dama ɗaya. In 87a ce, tana da wuta ne lokacin da rele ke kashe, sai ka wayi gari fitila ɗaya ta kwana kunne, batir ya mutu. In zanen jikinsa ya nuna diyod, wato ɗan abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, 86 ce ke karɓar wuta, 85 ta tafi jikin mota. Na babbar mota mai volt 24 dabam yake da na 12.

Masu Toyota su kula da wannan sosai. Tsofaffinsu da yawa suna ba ƙwai wuta ta ƙafa ɗaya, sannan makunni ya zaɓi kusa ko nesa ta ɓangaren mas, wato wayar da ke komawa jikin mota. In ka sayo haɗaɗɗiyar waya a kasuwar Dole ka jona ba tare da gwaji ba, za ka ga wutar kusa da ta nesa sun kama tare, ko ɗaya ta ƙi kamawa. Zare biyu su ci lokaci guda a ƙwai ɗaya, zafin ya yi yawa. Gyaran shi ne 85 da 86 su ɗauki umarni daga ƙafafun tsohon soket kansa, kada a ɗaure 85 a jikin mota. Wani lokaci shuɗiyar alamar wutar nesa a gaban direba takan daina nunawa bayan aikin, domin ta zaren ƙwan take samun hanya. Ƙaramin rizista, wato ɗan abin da ke barin wuta kaɗan ta wuce, a tsohon soket yana dawo da ita.

Waya kuma a sayi ta tagulla zalla mai kaurin milimita murabba'i 2.5. Akwai ta alminiyam da aka shafa wa tagulla. Kankare ta da wuƙa, in cikin fari ne, ajiye ta. Mas ɗin ma kaurinsa ɗaya da na jar waya, a ɗaure shi kan ƙarfen da aka goge wa fenti da tsatsa. Murɗa wayoyi biyu a naɗe da salatif ba haɗi ba ne, zafin watan Afrilu zai sake shi. A matse da kan waya na ƙarfe ko a yi dalma. Rele kansa a kafa shi ƙafafu na kallon ƙasa, nesa da zafin salansa, don ruwan wankin inji kada ya kwanta ciki. Kafin a taɓa komai a cire kan batir na mas.

Motocin zamani da kwamfuta ke sarrafa fitilunsu, ni shawarata a bar su yadda suke: rele yakan yi ta ƙara, mota kuma ta riƙa nuna ƙwai ya mutu.

Da an saka rele sai kwaɗayin ƙwan wat 100 ya taso. Biyu suna jan amper 16 ko fiye, suna narkar da soket, suna ƙona madubin roba, suna kashe wa mai tahowa ido, har mai kabu-kabu ya kasa ganin gefen kwalta. Ƙwai na asali da ya samu cikakkiyar wuta ya isa, kuma kada a taɓa gilashinsa da yatsa. Bayan an gama, a tsayar da mota a wuri miƙaƙƙe, mita 10 daga bango, a kunna wutar kusa. Iyakar hasken a bango ta sauka kamar santimita 10 ƙasa da tsayin tsakiyar fitila. In ta haura haka, a juya kusar saiti har ta sauko.