Yadda ake tafiyar jakar goyo daga gonakin inabin Mendoza zuwa tafkunan duwatsun Andes

Tafiyar jakar goyo ita ce wadda matafiyi yake haɗa dukkan kayansa cikin jaka guda ya goya a bayansa, ya riƙa shiga motar haya kamar kowa, ya kwana a masauki mai rahusa inda ake raba ɗaki da ɗakin girki da wasu baƙi. Hanyar da za a bayyana a nan ta taso daga Buenos Aires, babban birnin Ajantina, ta nufi yamma zuwa Mendoza, ta gangara kudu zuwa Bariloche, ta ƙetara duwatsun Andes zuwa Puerto Varas a ƙasar Cile, sannan ta ƙare a Santiago, babban birnin Cile. Mako uku ya ishe ta, amma wanda ya matse ta cikin kwana goma zai fi sanin kujerar bas fiye da ƙasar da ya je gani.

Mataki na farko shi ne zaɓen lokaci da neman biza. Yanayin can kishiyar na Turai ne, domin watannin Disamba zuwa Fabrairu su ne na zafi, Yuni zuwa Agusta kuma na sanyi da dusar ƙanƙara. A ganina ƙarshen Fabrairu zuwa ƙarshen Maris ya fi kowane lokaci, saboda a lokacin ake girbin inabi, masu hutu sun fara komawa gida, hanyoyin kan duwatsu kuma suna buɗe. Mai fasfon Najeriya yana buƙatar biza biyu, ta Ajantina da ta Cile, kuma ya kamata ya fara nemansu watanni kafin ranar tashi, ya tanadi shaidar masauki da tikitin dawowa da bayanin asusun banki.

Mataki na biyu shi ne haɗa jaka, kuma a nan ne yawancin mutanenmu suke kuskure, domin mun saba da tafiya da akwati da tsaraba. Jaka mai cin lita 45 zuwa 55 ta isa, nauyinta kuma kada ya wuce abin da mutum zai iya ɗauka na awa biyu ba tare da ya sauke ba. A sa riguna marasa nauyi da ake jera su ɗaya kan ɗaya, da rigar sanyi guda, da rigar ruwa mai tare iska, da takalmin tafiya wanda ƙafa ta riga ta saba da shi, da hula da man kare fata daga rana. Kuɗin ƙasashen biyu duk peso ake kiransu, amma ba ɗaya ba ne, kuma darajar na Ajantina tana yawan sauyawa, saboda haka a riƙe katin banki da ƴan daloli sababbi marasa yagewa, a riƙa canzawa kaɗan-kaɗan.

Mataki na uku shi ne isa Mendoza. Daga tashar Retiro a Buenos Aires bas yana cin kimanin kilomita 1,050 cikin awa 14 ko kusa da haka, kuma gara a hau na dare a sayi kujerar da ake kira cama, wadda take kwantawa kusan kamar gado, domin ta haka an huta da biyan kuɗin masaukin dare guda. Lardin Mendoza shi ke samar da kusan kashi 70 cikin 100 na giyar inabin Ajantina, kuma nau'in inabin da ya yi suna da shi, Malbec, wani masanin noma Bafaranshe mai suna Michel Pouget ne ya kawo shi a tsakiyar ƙarni na 19. Musulmin da ba ya shan giya zai iya tambayar abin da zai kai shi can, amsar kuwa ita ce ruwa. Wurin hamada ne, ruwan saman da ake samu a shekara bai wuce milimita 200 da ɗoriya ba, amma duk da haka gonaki sun yi kore shar, saboda ƙanƙarar da take narkewa a kan Andes ana bi da ita ta ƙananan magudanai da ake kira acequias, waɗanda asalinsu ya faro tun zamanin ƙabilar Huarpe, kafin zuwan Sifaniyawa. Magudanan suna bin gefen titunan birnin kansa suna shayar da itatuwa, kuma duk wanda ya san noman rani a Kadawa zai tsaya ya daɗe yana kallon yadda ake buɗe ƙofar ruwa a ba wannan gona rabonta, a rufe a ba ta gaba. Faɗin titunan da yawan filayen shaƙatawa kuma darasi ne da aka ɗauka daga girgizar ƙasar 1861, wadda ta rusa tsohon birnin.

Hanya mafi sauƙi ta ganin gonakin ita ce a shiga motar haya zuwa Maipú, wani gari da ke kusa da birnin, a yi hayar keke na yini guda, a bi tsakanin gonakin inabi da na zaitun. Akwai masana'antun man zaitun da suke karɓar baƙi su ba su ɗanɗano da burodi, a gidajen inabin kuma mutum yana iya cewa sin alcohol, wato ban da barasa, ya nemi jugo de uva, ruwan inabi zalla. Kwarin Uco ya fi kyan gani domin ya fi kusa da duwatsun, sai dai ya fi nisa da tsada. A farkon Maris ake bikin girbi na Vendimia, wanda aka fara a 1936, kuma masaukai suna cika a makon, don haka a kama gado da wuri. Idan da sauran yini guda, a bi hanyar da ta nufi iyakar Cile a hango Aconcagua, dutse mai tsawon mita 6,961, wanda babu kamarsa a wajen nahiyar Asiya.

Batun abinci yana son lura tun daga nan. Naman alade da ake kira jamón yana shiga cikin burodi da taliya da abubuwan da mutum ba zai yi zato ba, saboda haka a haddace sin jamón da sin cerdo, wato ban da naman alade, a kuma dogara ga girkin kai da ƙwai da wake da kifi. Shagunan Mendoza da yawa suna rufewa bayan azahar sai wajen ƙarfe biyar, abincin dare kuma ba a fara shi sai tara ta wuce. Alƙibla tana gabas kamar a gida, sai dai da tsakar rana inuwa kudu take faɗuwa, kuma a Bariloche cikin Janairu magariba tana kaiwa bayan ƙarfe tara na dare.

Mataki na huɗu shi ne gangarawa Bariloche, tafiyar kusan awa 18 a bas. Garin yana bakin tafkin Nahuel Huapi, cikin gandun dajin da aka kafa a 1934 a kan ƙasar da Francisco Moreno, wani mai binciken ƙasa ɗan Ajantina, ya fara bayarwa kyauta a 1903. A sayi katin SUBE na biyan kuɗin mota, domin motocin cikin gari ba sa karɓar kuɗi a hannu. Ranar farko a hau bas mai lamba 20 zuwa gindin dutsen Cerro Campanario, a hau da ƙafa cikin rabin awa ko fiye kaɗan, daga ƙololuwarsa za a ga tafkuna da tsibirai sun kewaye mutum ta kowane ɓangare, daga nan kuma a yi hayar keke a zagaya hanyar Circuito Chico mai kimanin kilomita 27, wadda hawa da gangaranta sun fi yadda taswira take nunawa. Wanda yake jin ƙarfi sai ya ware kwana biyu don Refugio Frey, wani gidan dutse na ƙungiyar Club Andino Bariloche da ke bakin ƙaramin tafki a tsayin mita 1,700 sama da teku, tafiyar kimanin awa huɗu daga gindin dutsen Cerro Catedral. Dole ne a yi rajistar tafiya ta hukumar gandun, wadda kyauta ce, a kuma kama wurin kwana tun kafin a tashi. An hana kunna wuta a dajin, kuma hanin ba na wasa ba ne, domin gobara tana cinye dubban kadada a watannin rani. Ruwan tafkunan garau yake kamar madubi amma sanyinsa yana ɗauke numfashi, don haka ko gwanin iyo kada ya yi nisa da gaɓa. Hanyar Tafkuna Bakwai, mai kimanin kilomita 110 tsakanin Villa La Angostura da San Martín de los Andes, ta cancanci yini guda.

Mataki na biyar shi ne ƙetara iyaka. Bas yana bi ta mashigar Cardenal Samoré zuwa garin Osorno da Puerto Varas, akwai kuma hanyar Cruce Andino da ake haɗa jiragen ruwa uku da motoci, wadda ta fi kyau amma ta fi ƙarfin aljihun mai jakar goyo. Hukumar noma ta Cile, SAG, tana bincikar kaya da na'ura da karnuka, kuma tana cin tarar wanda ya ɓoye ɗanyen ɗan itace ko iri ko nama ko zuma. Wanda ya taho da kilishi ko goro ko dabino daga gida, to ya cinye kafin iyaka, abin da ya rage kuma ya rubuta shi a takardar da za a ba shi, domin bayyanawa ba laifi ba ne ko da za a karɓe kayan. Ƴan sandan shige da fice, PDI, za su ba da ƴar takarda mai kama da rasit, a adana ta cikin fasfo.

Puerto Varas tana bakin tafkin Llanquihue, tana fuskantar Osorno, dutse mai aman wuta mai tsawon mita 2,652, kuma gine-ginen katakonta gado ne na Jamusawan da suka zauna a yankin tun daga shekarun 1850. Ƙananan motocin haya suna zuwa magangarar ruwan Petrohué da tafkin Todos los Santos, cikin gandun Vicente Pérez Rosales da aka kafa a 1926. A nan ne rigar ruwa za ta biya kuɗinta, domin ana iya yin ruwan sama a kowane wata. Daga nan bas na dare yana kaiwa Santiago cikin kimanin awa 12, inda za a iya samun sallar Juma'a a masallacin As-Salam da ke unguwar Ñuñoa, kuma a filin jirgin sama za a nemi ƴar takardar nan ta PDI kafin a buga hatimin fita.