Yadda za ka riƙe ƙungiyoyin wasa biyu a makaranta idan lokacin atisaye ya ci karo

A makarantun sakandaren Birnin Kebbi, Argungu ko Jega, lokacin wasa ɗaya ne: daga idar da sallar la'asar zuwa kiran magariba. Kafin la'asar rana ba ta bari, balle daga watan Maris zuwa Mayu da zafi ke haura digiri 40. Don haka ɗalibin da Allah ya hore wa ƙafar ƙwallo, kuma ya iya gudu ko ƙwallon hannu, wata rana sai an busa masa usur biyu a lokaci guda. Ana iya riƙe duka biyun, amma sai da tsari, kuma tsarin ba ya yiwuwa a ɓoye.

Fara da rubuta makonka a takarda. Sa ranakun atisayen kowace ƙungiya, da lokacin Islamiyya idan ɗan jeka-ka-dawo ne kai, da lokacin karatun dare idan makarantar kwana kake, da aiken gida. Yawancin Islamiyyu na hutu Alhamis da Juma'a, ka ga waɗannan yammacin biyu suna hannunka. Sau da yawa idan aka rubuta sai a ga karon bai wuce rana ɗaya ko biyu a mako ba.

Mataki na biyu shi ne mai wuya: zaɓi wadda za ta zama uwa. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma ranar da wasanni biyu suka faɗo lokaci ɗaya, fili ɗaya za ka shiga. Kada ka zaɓa don abokanka suna can ko don rigar ta fi kyau. Tambayi kanka: ina ne rashina zai fi yi wa mutane illa? Idan kai ne mai tsaron gida ɗaya tilo a ƙwallon ƙafa, ko kana cikin mutum huɗun gudun miƙa sanda, babu kai babu atisaye. Idan kuwa a ɗaya ƙungiyar benci kake zama ana sako ka minti goman ƙarshe, amsar a bayyane take. Duba kuma wace gasa ce ta fi kusa. Gasar wasannin gidaje a yawancin makarantu a zango na biyu ake yin ta, saboda haka guje-guje na iya zama uwa a wannan zangon, ƙwallo ta karɓa a na gaba.

Na uku, je ka sami malaman biyu da kanka, tun farkon zango, ba ranar da aka neme ka aka rasa ba. Kada ka aika kyaftin, kada ka tare malami a tsakiyar fili yana fama da yara. Same shi a ofis, ka gaishe shi, ka ce: "Malam, ina cikin ƙwallon ƙafa, kuma ina cikin 'yan gudu. Ranar Talata lokacin yana haɗuwa. Na zo ne a ba ni shawarar yadda zan yi kada in ci amanar kowa." Wanda ka mayar na biyu ma ka faɗa masa gaskiya cewa shi ne na biyu. Zai iya jin ba daɗi a ranar, amma zai san yadda zai shirya wani a gurbinka. Abin da ke ɓata wa malami rai shi ne ka ce masa zazzaɓi kake yi, sannan ya hango ka a ɗaya filin kana zuba gudu. Daga ranar ko da gaske ka kwanta ba zai yarda ba. Idan malaman biyu suka ja daga, kowa na cewa nasa ne gaba, kada ka zama mai kai magana tsakaninsu. Roƙi babban malamin wasanni ko mataimakin shugaban makaranta ya zaunar da su, da kai a wurin.

Na huɗu, ku raba ranakun bisa irin aikin da ake yi, domin ba kowane atisaye ne daidai da wani ba. Akwai wanda za ka iya ramawa kai kaɗai: gudun ƙara numfashi, motsa jiki, jifan raga, buga ƙwallo da bango. Wannan bayan sallar asuba ma ya wadatar, kafin rana ta ɗaga. Akwai kuma wanda ba ya ramuwa: tsarin tsayuwa a fili, bugun kusurwa, miƙa sanda, sabawa da hannun mai ɗaga maka ƙwallo a ƙwallon raga. Nemi kowane malami ya faɗa maka ranar da yake irin wannan, ita ce ranar da ba za ka fashe ba. Ni ban cika son rabin lokaci nan rabin lokaci can ba. Yaro ya bar fili jiki da zafi, ya isa wancan an gama ɗumama jiki, ya faɗa wasa kai tsaye, ba ya tsinana komai a ko'ina. Gara a ba kowa yammaci cikakke.

Na biyar, kula da jikin nan. Masana lafiyar wasanni na ba matasa shawarar hutun kwana ɗaya ko biyu a kowane mako, kuma mai ƙungiya biyu shi ya fi kowa buƙatarsa. Kada ka yi atisaye mai nauyi ana gobe wasa, ko washegarin wasa. Riƙe gorar ruwanka, ka sha kafin ƙishi ya kama ka. Ciwon gwiwa ko na ƙwauri da ya ƙi tafiya bayan kwanaki, ko targaɗen da ya kumbura, a faɗa wa malaman biyu tare, a je asibiti. Yara da yawa kan ɓoye wa ɗaya malamin ciwon da suka ji a filin ɗaya don tsoron faɗa, su yi ta taka ƙafar har ƙaramin abu ya zama babba. Da azumi kuwa a rage nauyi sosai, a matsar da ɗan abin da za a yi kusa da shan ruwa.

'Yan mata kuma, a sa iyaye cikin maganar tun farko, su san ranaku da lokacin tashi, don kada magariba ta riske ki a hanya a wayi gari an hana ki duka biyun.

A ƙarshen kowane zango ka sake ɗauko takardar nan tare da sakamakon jarrabawarka. Idan maki ya sauka, ko kana gyangyaɗi a aji, ko ka shiga aji uku na babbar sakandare WAEC da NECO sun gabato, ajiye ƙungiya ɗaya. Je ka sanar da malamin da bakinka, ka yi masa godiya, ka mayar da riga da duk kayan makarantar da ke hannunka, kuma ka ba shi isasshen lokaci kafin gasa ta gaba ya horar da wanda zai maye gurbinka.