Yadda Za Ka Gina Sana'ar Ba da Shawara kan Lafiyar Al'umma da Wutar Sola

A shekarar 2008 wata likitar mata 'yar Amurka, Laura Stachel, ta zo Zariya domin ta yi nazarin dalilan da ke sa mata rasa rayukansu wajen haihuwa. A asibitin da ta zauna ta tarar cewa da zarar an ɗauke wuta da dare, sai ma'aikata su koma karɓar haihuwa da fitilar kananzir ko tocila, tiyatar gaggawa kuwa wani lokaci sai ta jira gari ya waye. Da ta koma gida, mijinta Hal Aronson, wanda ya san harkar sola, ya harhaɗa batir da fitilu da farantin sola a cikin akwatin da mutum ɗaya zai iya ɗauka, kuma daga nan ƙungiyar We Care Solar ta samo asali. Aikin da za mu yi bayani a kai irin wannan ne: mutum ya san lafiyar al'umma, ya kuma fahimci wutar lantarki gwargwadon da zai iya gaya wa gwamnati ko ƙungiyar da ta ɗauke shi abin da asibiti ke buƙata, da kuɗinsa, da wanda zai kula da shi.

Buƙatar irin waɗannan mutane a bayyane take. Wani rahoto da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar tare da Bankin Duniya da wasu hukumomi a 2023 ya nuna cewa kusan mutum biliyan ɗaya ne ke dogaro da asibitocin da ko dai ba su da wuta sam, ko kuma wutarsu ba ta tsayawa. A Najeriya, cire tallafin man fetur a watan Mayun shekarar ya sa ciyar da janareta ya gagari ƙananan asibitoci da dama.

Ka fara da ƙafa ɗaya mai ƙarfi, kuma a ganina gara ta kasance ta ɓangaren lafiya. Wanda ya yi karatun jinya, ko ungozoma, ko likitanci, ko ya fito daga makarantar koyon fasahar lafiya a matsayin jami'in lafiyar al'umma, ya riga ya san yadda asibitin matakin farko ke tafiya, kuma wannan sani ya fi wuyar samu a kan sanin haɗa waya. Digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma, wanda ake yi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, shi ne takardar da yawancin tallan aikin ba da shawara ke nema. Injiniyan da ke son shigowa ta ɗaya ƙofar yana iyawa, amma sai ya haƙura ya zauna a asibiti na wasu watanni yana kallo kafin ya fara ba da shawara.

Ilimin wutar da kake buƙata bai kai na injiniya ba. Gajeren kwas na haɗa sola, irin wanda cibiyar horas da ma'aikatan wutar lantarki ta ƙasa, NAPTIN, ke bayarwa, tare da 'yan makonni kana bin wani gogaggen mai haɗa sola zuwa wurin aiki, ya isa ya sa ɗan kwangila ya kasa yi maka rufa-rufa. Abin da ya zama dole ka ƙware a kai shi ne lissafin nauyin da za a ɗora wa wutar.

Ga misali na asibitin mazaɓa mai ɗakin haihuwa ɗaya. Ƙwan fitila 10, kowane wat 10, suna ci awa 10 a dare, sun sha wat-awa 1,000. Fanka 4, kowace wat 60, na awa 8, sun sha 1,920. Na'urar tace iskar oksijin mai jan wat 350, idan ta yi awa 10 a kan yaro mai ciwon nimoniya, ta sha 3,500 ita kaɗai, wato fiye da fitilu da fankoki baki ɗaya. Jimla ta kama wat-awa 6,420 a rana. Idan ka ƙaddara awa 5 na cikakken hasken rana, ka kuma ware kashi ɗaya cikin huɗu saboda asarar zafi da ƙura da waya da inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir zuwa irin wadda kayan gida ke sha, za ka ga ana buƙatar faranti na kimanin kilowat 1.7. Wanda ya tsara wuta don fitilu kawai, daga baya aka kawo na'urar oksijin aka jona, ya yanke wa batiran hukuncin mutuwa tun kafin su shekara.

Firjin allurar rigakafi kuwa a ware shi daban. Yawancin alluran ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salshiyas, haka ma allurar oksitosin da ake tsayar da zubar jini da ita bayan haihuwa, kuma wasu alluran daskarewa na lalata su kamar yadda zafi ke yi. Firjin da aka fi raba wa asibitocin karkara yanzu, da tallafin Gavi, ƙawancen duniya na samar da alluran rigakafi, shi ne wanda ke shan wuta kai tsaye daga farantinsa ba tare da batir ba: da rana yana daskarar da ruwan da ke jikin bangonsa, da dare wannan ƙanƙara ce ke riƙe sanyin. Kada ka taɓa amincewa a sayi firjin da ba ya cikin jerin kayan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tantance, komai arharsa.

Bayan karatu, sai ka nemi abin nunawa, domin babu wanda zai ba ka kwangilar ba da shawara a kan takardar shaida kawai. Hanya mafi sauƙi ita ce ka zaɓi ƙaramar hukuma ɗaya, ka nemi izini a rubuce daga shugaban sashen lafiya, ka zagaya asibitoci goma ko goma sha biyar da takardar tambayoyi a manhajar tattara bayanai ta waya, irin KoboToolbox ko ODK. Ka gaisa da incaji yadda ya kamata, ka zauna da kwamitin raya mazaɓa, kada kuma ka tsallake mai unguwa ko dagaci. Ka duba takardar da ake rubuta zafin firji safe da yamma. Idan ka ga lamba ɗaya an jera ta kwana talatin da biro ɗaya, ka san a zama ɗaya aka cike ta. Ka hau ka shafa farantin da yatsa ka ga kaurin ƙurar hunturu, ka tambayi yaushe aka wanke shi, ka leƙa ɗakin batir ka ga ko iska na shiga. Mafi muhimmanci, ka kwana a asibiti ɗaya aƙalla, saboda da ƙarfe biyun dare ne ake sanin ko wutar da aka ƙaddamar da buki tana aiki. Idan binciken zai taɓa bayanan marasa lafiya, sai ka fara samun amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na ma'aikatar lafiya ta jiha.

Abin da ka gano ka rubuta shi cikin shafi biyar ko ƙasa da haka, da hotuna da lissafin kuɗi. Wannan rahoto shi ne jarinka na farko.

Dole ne kuma ka san inda kuɗin yake kwance. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma wani kaso nasa yana isa asusun asibitoci ta hannun hukumar raya lafiya a matakin farko ta ƙasa, NPHCDA, da takwarorinta na jihohi. Hukumar samar da wuta a karkara, REA, ita ke gudanar da shirin DARES na kai wutar sola ga al'umma, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 750 a ƙarshen 2023. Dokar Lantarki ta 2023 kuma ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, wanda ke nufin cewa yanzu ana iya kai magana majalisar dokokin jiha ba sai an je Abuja ba. Matsalar da za ka yi ta cin karo da ita ita ce masu ba da tallafi suna son sayen kaya sabo, amma kuɗin sauya batir bayan 'yan shekaru ba kasafai ake samun mai ɗaukar sa ba. Duk shawarar da ka rubuta, ka sa mata layi na kuɗin gyara da sunan ofishin da zai biya, da inda za a kai mataccen batir, tunda na gargajiya dalma ce a cikinsa, kuma Zamfara ta ga abin da dalma ke yi wa yara a 2010, lokacin da gubarta daga haƙar zinare ta kashe ɗaruruwa.

Fafutukar makamashi mai ɗorewa tana shiga ne ta ƙofar lafiya, kuma ba ta tsaya a asibiti ba. Hayaƙin itace da gawayi a ɗakin girki yana kashe mutane kimanin miliyan 3 a duniya kowace shekara, kuma mata da ƙananan yaran da ke goye a bayansu su ne suka fi shaƙar sa. Idan za ka yi magana a rediyo ko a ranar awon ciki, kada ka fara da ɗumamar yanayi. Ka fara da tarin yaro da jan ido da kuɗin itacen mako, sannan ka kawo murhu mai rage cin itace ko gas, gwargwadon ƙarfin aljihun mai sauraro. A gaban kwamishina ko ɗan majalisa kuwa, ka je da buƙata ɗaya tak mai lamba a jikinta, kafin a rufe kasafin kuɗin shekara.

Ta fuskar takardu, ka yi rajistar suna ko kamfani a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ka karɓi lambar biyan haraji, ka riƙa bibiyar tallan ayyukan UNICEF da Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyoyin da ke aiki a jiharka. Galibi kwangilar farko ƙarama ce, ta tattara bayanai a ƙarƙashin wani babba, kuma ana biya ne da adadin kwanaki, wani lokaci bayan watanni, don haka kada ka ajiye aikin albashi da gaggawa. Masu sayar da kayan sola za su neme ka da tayin kaso idan ka ambaci kamfaninsu a rahotonka. Ka ƙi karɓa, idan kuma kana da hannun jari ko ɗan'uwa a wani kamfanin da zai nemi kwangilar, ka bayyana haka a rubuce ga wanda ya ɗauke ka tun kafin ka sa hannu.